Retinar Baba ta ɓamɓaro: gas za a sa masa ko mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 61. Shekara biyu da suka wuce an yi masa aikin yanar ido a idon dama, aka sa masa madubin roba. Kwana biyar ke nan da ya fara ganin walƙiya a gefen idon, sai baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje, shekaranjiya kuma ya ce wani duhu yana tasowa daga ƙasa kamar ana jan labule. An duba aka ce retina ce ta ɓamɓaro. Likita ɗaya ya ce aiki za a yi a sa gas, wani kuma ya ce mai zai sa. Ga shi mun riga mun biya masa kuɗin Umra, tafiyar saura mako bakwai. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Kafin in shiga bayanin gas da mai, ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki: kwana biyar. Don Allah kada neman ra'ayin likita na uku ya ci muku ko da kwana ɗaya. Ki sa Baba ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya dubi fuskarki ko rubutu da na dama. In har yana ganin abin da ya zuba wa ido sarai, duhun yana gefe ne kawai, to tsakiyar retina, wadda muke kira makula, ba ta tashi ba tukuna, kuma irin wannan idon muna so a shiga da shi ɗakin tiyata yau ko gobe. In kuwa duhun ya riga ya cinye tsakiya, har yanzu da sauran gaggawa, domin wanda aka yi wa aiki cikin kwana uku da tashin makula ya fi samun gani a kan wanda ya kai mako biyu.

Retina wani siririn tantani ne da ke shimfiɗe a bangon ido ta ciki, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ita ce take karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. Sararin da ke gabanta cike yake da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, ana ce masa bitiriyos. Da shekaru suka ja, wannan ruwa yakan tsinke ya takure, ya saki retina. A yawancin mutane sakin yakan zo lami lafiya. A wasu kuwa sai ya riƙe wuri guda ya fizga har ya yage ta. Walƙiyar da Baba ya gani fizgar ce, ƙudajen kuma ɗan jini ne da burbushin da suka watsu lokacin da ta yage. Daga nan sai tsinkakken ruwan ya bi ta yagar ya shiga bayan retina. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san yadda ruwan damina yake samun 'yar tsaga a yaɓe, ya bi ta baya, wata rana a wayi gari yaɓen ya saki bango falle guda. Haka abin yake. Kuma bangon nan shi ne yake ciyar da rabin retina na baya, saboda haka kowace rana da ta yi a ɗage, yunwa take kashe ƙwayoyin gani. Wanda aka taɓa yi wa aikin yana, da mai rashin hangen nesa sosai, da wanda aka taɓa bugewa a ido, sun fi saura shiga wannan haɗari.

Ido yana ganin abu a kife ne. Duhun da ke tasowa daga ƙasa yana nuna cewa ta sama retinar Baba ta saki. Wannan yana da fuska biyu. Ruwan da ke sama nauyinsa yana jawo shi ƙasa wajen makula, shi ya sa irin wannan ta fi saurin lalata gani. Amma kuma yagar da ke sama ita ce ta fi daɗin toshewa da gas, domin kumfa sama take yi.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, wanda retinarsa ta ɓamɓaro kusan ya makance ke nan. Likitoci suna zuƙe ruwan, ya sake taruwa, su kwantar da mutum makonni, ba wani amfani. Jules Gonin, wani likita a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, shi ne ya dage cewa yagar ce tushen ciwon, ruwan biyo baya ya yi. Ya riƙa neman ramin yana ƙone shi da zazzafan ƙarfe ta bayan farin ido, kuma bayan ya gabatar da sakamakonsa a babban taron likitocin ido na Amstadam a 1929, duniya ta yarda da shi. Duk kayan zamani da muke taƙama da su yau, aikin Gonin suke yi: a nemo kowace yaga, a liƙe ta, a riƙe ta har liƙin ya kama. Bangon ido yana da nasa famfo da ke tsotse ruwa dare da rana, da zarar an rufe ƙofar shiga, shi da kansa zai iya shanye wanda ya rage.

Liƙin iri biyu ne: ko a yi wa gefen yagar walda da hasken leza, ko a daskarar da wurin da wani ƙarfe mai tsananin sanyi ta waje. Dukansu ɗan rauni suke yi da gangan, wanda in ya warke tabonsa zai manne retina da bango. Sai dai tabon ba ya ƙarfi sai bayan kwana 10 zuwa 14. A wannan tsakani ne ake bukatar abin da zai danne wurin. Gas da mai da ake yi miki magana, aikinsu ke nan, kamar karan da mai ɗori yake ɗaure karaya da shi kafin ƙashi ya haɗe. Don haka likitocin nan biyu, ga dukkan alamu, aiki iri ɗaya suke nufi, a kan karan ɗorin kawai suka saɓa.

Aikin shi ne bitirektomi, wato kwashe ruwan yauƙin daga cikin ido. Robert Machemer ne ya fara shi a Mayami ta Amurka a 1970, da na'ura mai kauri wadda sai an yanka an ɗinke. Yau kayan sun sirance har wasu ba su wuce rabin milimita ba, sau da yawa ko ɗinki ba a yi. Galibi allurar kashe zafi ake yi a gefen ido, mutum yana farke yana jin maganarmu, aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Mukan huda ƙofofi uku a farin ido, kimanin milimita uku da rabi daga bakin baƙin ido. Ta ɗaya ruwan gishiri yake shiga don kada idon ya lotsa, ta biyu fitila, ta uku kuma wani ɗan bututu mai yanka yana zuƙa, sau dubbai a minti guda. Sashen da ya fi cin lokaci shi ne can gefe, inda ruwan yauƙin ya manne da retina gam. A nan mataimaki yake danno farin ido daga waje, ni kuma ina aske yauƙin a hankali har in tabbata babu sauran zaren da ke jan leɓen yagar. Likitan da ya yi gaggawa a wannan wuri yakan sake ganin majinyacinsa bayan wata guda.

Na daɗe ina wannan aiki, amma abin da ke biyo baya har yau yana taɓa zuciyata. Retinar da ta tashi fara-fara take, toka-toka, tana kaɗawa cikin ruwa kamar zanen da aka shanya iska tana hura shi. Sai a juya famfo, iska ta fara shiga maimakon ruwa, in sa bakin bututu daidai kan yagar ina zuƙe ruwan da ke baya. Kana kallo kumburin yana sacewa, lanƙwasar tana miƙewa, har jan launin bangon ido ya bayyana ta cikinta, jijiyoyin jini su koma kwance a wurinsu. Wani lokaci kafin iskar mukan zuba wani ruwa mai nauyi, kusan ninki biyu na ruwan sha, wanda Stanley Chang ya shigo da shi a 1987, ya danne retina daga baya ya koro ruwan zuwa yagar, sannan a kwashe shi. Daga nan a zagaye kowace yaga da layi biyu ko uku na leza. Sai tambayarki ta zo: da me za a cika idon?

Gas ɗin da aka fi amfani da shi iri biyu ne. SF6 yakan yi kamar mako biyu kafin jiki ya shanye shi, C3F8 kuma yakan kai mako shida zuwa takwas. Babban alherin gas shi ne da kansa yake tafiya, ido ya maye gurbinsa da ruwan da yake samarwa, babu aiki na biyu. Kuma ya fi mai iya toshe yaga. Wahalarsa kuwa a kan majinyaci take. Kwanakin farko Baba ba zai ga komai da idon ba sai motsin hannu. Bayan 'yan kwanaki zai ga wani layi yana rawa kamar ruwa a kwalba, kullum yana sauka, har kumfar ta zama ɗan ƙwallo a ƙasa, ta farfashe, ta ɓace. Za a ce ya riƙe kansa ta wata fuska, yawanci minti 45 zuwa 50 a kowace awa, har kwana biyar ko bakwai, don kumfar ta zauna daidai kan yagar. Ba a kwanciya rigingine.

Sannan ga maganar jirgi, wadda ba ta da sassauci ko kaɗan. Iskar cikin jirgin sama daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. A wannan tsawo kumfar tana neman ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ido kuwa ba shi da wurin buɗawa. Sai matsin cikinsa ya hau har ya datse jijiyar da ke kai wa retina jini, a rasa idon cikin 'yan sa'o'i, da azababben ciwo. Ko a mota ma, hawa Jos mai tsawon kusan mita 1,200, balle tsaunin Mambila, sai da izinin likita. Masu zuwa Legas ko Masar ko Indiya don wannan aiki su lissafa da wannan tun kafin su yanki tikitin dawowa. Haka nan in wata larura ta sa za a yi wa Baba wata tiyata kafin gas ya ƙare, dole a gaya wa mai sa barci, domin iskar naitiros da ake shaƙa wa mutum wajen sa barci tana shiga kumfar ta kumbura ta cikin mintuna.

Man silikon, wanda Paul Cibis ya fara sawa a ido a 1962, ba ya kumbura kuma ba ya tafiya. Da shi ana hawa jirgi, ana ɗan gani ta cikinsa tun makon farko, riƙon kai ma bai kai na gas tsanani ba. Muna zaɓarsa in yagar ƙatuwa ce ƙwarai, ko in ido ɗaya ya rage wa mutum, ko tsoho ne da ba zai iya kifa kai ba, ko kuma in retina ta fara yin tabo. Wannan tabon shi ne babban abokin gabarmu. Idan retina ta daɗe a ɗage, wasu ƙwayoyi sukan bazu a kanta su saƙa wata yana mai takurewa, sai ta ƙandare ta tattare kamar ɗanyar fatar da aka bari a rana. Yana faruwa a kashi 5 zuwa 10 cikin 100, kuma shi ne kan gaba wajen sa aiki ya warware. A nan arewa muna ganinsa da yawa saboda mutane sukan zo bayan wata biyu ko uku, an sha ɗiga magani, an sha tofi, an jira ko zai washe. Irin wannan ido sai an ɓare yanar da ɗan hantsaki, wani lokaci a yanke gefen retinar don ta saki jiki, kuma gas ba ya daɗewar da zai riƙe ta.

Amma mai bashi ne, sai an biya. Bayan wata uku zuwa shida ana komawa ɗakin tiyata a cire shi, da kuɗinsa da haɗarinsa. Ba na mance wani ɗan kasuwa da na sa wa mai, retina ta kwanta, ya ji daɗin ganinsa, ya tafi harkokinsa bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Da na haska idon, man ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, ya taru fari fat a saman baƙin idon kamar kumfar nono. Ya toshe magudanar ruwan ido, hawan jinin ido ya cinye jijiyar gani a ɓoye. Retina tana kwance lafiya, gani kuwa ya tafi. Tun daga ranar, ba na sa wa kowa mai sai na zauna da shi da wani nasa mun yi maganar ranar cirewa da kuɗinta.

To ga ra'ayina a kan Baba, gwargwadon abin da kika rubuto, tunda ban duba idon ba. Mutum ne da aka riga aka cire wa yana, yagarsa a sama take, ciwon kwana biyar ne. Irin wannan ido bitirektomi da gas ya fi dacewa da shi. Wani babban bincike da aka yi a Turai, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa a idon da ke da madubin roba, bitirektomi ya kwantar da retina a aiki ɗaya a kashi 72 cikin 100, aikin ɗamara kuma, wato ɗinka roba a jikin ido ta waje, kashi 53. Ƙari a kan haka, babban aibin bitirektomi shi ne yana gaggauta yanar ido, Baba kuwa ya wuce wannan. In SF6 ya wadatar, mako bakwai ya ishe shi ya ɓace, likita ya duba ya tabbatar babu ko ɗigon kumfa, sannan ya ba da izinin tafiya. In C3F8 ake bukata, a ɗaga Umrar. Ban goyi bayan a sa mai don tafiya kawai ba. Umra ana yin ta duk shekara, aiki na biyu a idon dattijo kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mai yiwuwa likita na biyu ya ga abin da ba ki ambata ba, kamar tabo ya fara, ko wata yaga a ƙasa. Ki tambaye shi kai tsaye: Likita, me ka gani a idon da ya sa ka zaɓi mai? In ya ce tabo ne, ku bi maganarsa. Ku kuma sani cewa wani lokaci sai an shiga cikin idon ake sanin wanda ya dace, don haka ku ba da izinin duka biyun.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ki iya ji ana ambata. Ɗaya allurar kumfa ce: ba a kwashe komai, a ɗakin duba marasa lafiya ake tsira 'yar kumfar gas tsantsa, kimanin rabin mililita, ta kumbura da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku, a liƙe yagar da sanyi ko leza. Hilton da Grizzard ne suka yaɗa ta a Amurka a 1986. Wani gwaji da aka yi a Toronto kan mutum 176, aka wallafa a 2019, ya samu nasarar aiki ɗaya kashi 81 da ita, 93 da bitirektomi, amma waɗanda aka yi wa allurar sun ɗan fi gani bayan shekara. Tana son yaga ɗaya a sama, da majinyacin da zai iya dawowa asibiti kusan kullum a makon farko. Wanda gidansa ke da nisan awa biyar a mota, ba na ba shi ita.

Ɗayar ita ce ɗamara, kuma ina da ƙauna ta musamman gare ta. Ernst Custodis ya fara ta a Jamus a 1949, Charles Schepens ya bunƙasa ta a Bostan, Harvey Lincoff kuma ya kawo soson silikon da liƙin sanyi a shekarun 1960. Ba a shiga cikin ido. Ana ɗinka wani ɗan yanki na roba mai laushi a jikin farin ido ta waje, daidai saitin yagar, ya turo bango ciki ya tarar da retina. Wani lokaci a zagaye idon gaba ɗaya da siririn ɗauri. Robar tana zama har abada a ƙarƙashin fatar ido, ba a ganinta. Gwanintar tana wajen dubawa: likita ya ɗaura fitila a goshi, ya zagaye idon yana dannawa, yana zanawa a takarda mai kama da fuskar agogo, ja inda retina ke kwance, shuɗi inda ta tashi, har ya san yagar tana ƙarfe nawa. Ga saurayi mai rashin hangen nesa, ko yaron da ƙwallo ko dutsen gwafa ya buga, wanda ruwan yauƙinsa bai saki ba kuma yagarsa a ƙasa take, babu kamarta. Ba ta kawo yana da wuri, sau da yawa babu gas balle kifa kai, kuma ba ta dogara da injin mai tsada ba. Tana da nata aibu: ido yakan yi ciwo da kumburi kwanaki, lambar tabarau takan canza, wani ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Yana damuna yadda matasan likitoci a duniya suke rage koyonta, alhali a ƙasa irin tamu ita ce ta fi dacewa da majinyata da yawa. Mai sikila dai, musamman mai jinin SC, ya faɗa wa likita tun farko, domin ɗaurin zagaye yana iya rage jinin da ke zuwa gaban idonsa.

Game da abin da za ku sa rai: takwas zuwa tara cikin goma retinarsu takan kwanta a aiki ɗaya, in an haɗa da na biyu fiye da tara cikin goma. Kwanciyar retina daban, dawowar gani daban. In makula ba ta tashi ba, galibi ganin da ake da shi yakan tsira. In ta tashi, Baba zai iya ganin layi a karkace ko abubuwa sun ƙanƙance, kuma gyaruwar takan ci gaba a hankali har shekara guda.

Bayan aiki, kada ruwa ya shiga idon wajen alwala a makonnin farko, a ajiye kwalli, a kiyaye lokutan ɗiga magani. Maganar ruku'u da sujada ku tambayi wanda ya yi aikin, domin ya danganta da inda yagar take. Da yawa mukan ce a yi salla a zaune da nuni na mako ɗaya ko biyu, kuma malamai sun san wannan rangwame ga mara lafiya. Ciwo mai tsanani da amai, ko idon ya yi ja yana ruwa gani na raguwa, ko labulen ya dawo, a koma asibiti a daren, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Kuma ranar da za ku je, ki roƙi a ɗiga wa idon hagu maganin buɗa ido a duba shi har gefe. Kusan ɗaya cikin goma na masu wannan ciwo yakan same su a ɗaya idon. In an ga 'yar yaga tun ruwa bai shiga bayanta ba, leza ta minti goma a zaune a kujera takan wadatar, Baba ya koma gida a ranar.